Gilashin da Na Ɗaga a Ɗakin Tiyata

Da sunan Allah nake buɗe wannan kashi. Kafin in shiga labari, ga mutanen da ke cikinsa, domin kada mai karatu ya ruɗe. Ta farko ita ce Kausar, jikata, likita mai koyon aikin sa wa marasa lafiya barci kafin a yi musu tiyata a wani asibiti a nan Jos. Sai mahaifiyarta Binta, matar ɗana marigayi, wadda Kausar take kira Umma. Sai Ashraf, mai sayar da katako a kasuwar Katako, wanda ya nemi aurenta. Sai mahaifiyarsa, Hajiya Salma ta unguwar Rayfield. Sai Dokta Ekwutosi Nnadozie, likitar cututtuka masu yaɗuwa, malamar Kausar. Sai Cyprian, ma'aikacin jinya a ɗakin tiyata. Sai Felicitas, mara lafiyar da aka kawo. Na ƙarshe ni ne, Haladu, kakanta. Kausar ce ta zauna ta ba ni labarin, na rubuta shi da bakinta, saboda haka duk inda kuka ga "ni" daga nan, ita ce ke magana.

Masu karatu, tun da farko bari in kwantar muku da hankali: ban kamu da cutar ba. Ga ni zaune lafiya lau, alhamdulillahi. Abin da ya kusa kuɓuce mini a watan Janairu na shekarar 2007 aurena ne, kuma da bakina na kusa kwance shi.

A shekarata ta biyu ta koyon sa barci, asibitinmu ya fito da wani sabon tsari. Kowace Laraba bayan azahar, mu shida masu koyo mukan taru a wani ƙaramin ɗaki, Dokta Nnadozie ta koya mana yadda cuta ke tsallakawa daga mara lafiya zuwa likita, da kuma daga likita zuwa wani mara lafiyar. Da ƙorafi muka shiga. A ganinmu aikinmu allura ne da iskar numfashi da lura da bugun zuciya, batun ƙwayar cuta kuwa na masu fiɗa ne.

Ranar farko ba ta buɗe littafi ba. Ta shigo da kwano cike da ruwan bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya wajen wanki. Ta ce kowa ya sa safar hannu da takunkumi, ya tsoma hannu a ciki, ya yi wa wani mutum-mutumin roba abin da ya saba yi wa mara lafiya, sannan ya cire kayan. Da muka gama sai ta miƙo madubi. Wani bula a hanci, wani a kunne, wani a aljihun da wayarsa take. Ni kuwa a gefen hijabina, inda nakan gyara shi ba tare da na sani ba.

"Kun gani ko?" in ji ta. A Jos aka haife ta, Hausarta da gudu take fita. "Mai fiɗa yana can wajen ciki, an rufe ko'ina da zane. Ku ne a kan bakin mutum. In ya yi tari, wa zai fara samu?"

Mako shida muka yi muna haka kafin abin ya faru. Ta koya mana tambayoyin da ba mu saba yi ba kafin mu sa mutum barci: kwana nawa yana zazzaɓi, me ya sha, ya ji sauƙi ko bai ji ba, daga ina ya fito. Ta daɗe a kan zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke bari a kan abinci, wanda kuma jinin mai shi ke iya sa wa mai jinyarsa. Ta ce yakan zo da ciwon ciki har a ɗauka hanji ne ya huje. Abin da ta rufe kowane darasi da shi ɗaya ne.

"In wani abu ya taɓa ku, ku zo ku gaya mini kafin ku sha ruwa. Ba na faɗa da wanda ya yi kuskure. Wanda ya ɓoye mini ne ba na gaisawa da shi."

A gida kuwa, a Gangare, zancen duk na lefe ne. Shekara guda Ashraf yana zuwa. Da farko ƙofar soro Kaka ya kira shi ya auna, ya auna ƙofar sau uku a kwana uku dabam-dabam, har Kaka ya ce masa, "Kai yaro, ƙofa kake aunawa ko matata?" Tun daga ranar Kaka ba ya kiransa da komai sai ɓarawo. An kai gaisuwa, an sa rana, an tsayar da wata Asabar da za a kawo lefe. Umma ta sa an shafe falo da fenti ruwan madara, ta sauya labule, ta ɓoye sauran dambun naman layya a saman kabad domin baƙi.

Saura kwana goma sha biyu Asabar ɗin, ranar Litinin da safe, aka kawo Felicitas. Daga wani ƙauye ta wajen Vom take, tana noman dankalin turawa. Cikinta ya ɗaure, masu fiɗa suka ce taifot ce ta huda hanji, a shirya ta. Na je ganinta kamar yadda aka koya mana. Kwana tara tana zazzaɓi. Ta sha maganin zazzaɓin sauro har sau biyu, bai sauka ba. Maƙogwaronta na ciwo. Da na duba inda aka sa mata allurar ƙarin ruwa, sai na ga jini yana tsattsafowa bai tsaya ba.

Na kira Dokta Nnadozie a waya. Ta ce tana nan tafe, amma masu fiɗa sun yanke cewa ba a jira. "To kowa ya sa kaya cikakku," in ji ta. "Safa biyu, takunkumi, gilashin ido. Wanda ba shi da aiki a ɗakin ya fita."

Haka muka yi, kuma har yau ina jin daɗin cewa na yi tambayoyin nan, domin mutum bakwai ne suka shiga a rufe saboda su.

Akwai wani ɗan lokaci a aikinmu da sai mai yinsa ya san nauyinsa. Kin ba mutum maganin da ya tsayar da numfashinsa da gangan, sai kin leƙa maƙogwaronsa kin zura bututu kin haɗa da na'ura kafin ya sake samun iska. Safiyar nan sanyin Jos ya kai inda ya kai. Ina sunkuyawa, numfashina ya bi ta saman takunkumi ya rufe gilashin da raɓa. Na leƙa, ban ga komai ba sai fari. Na zura, bai shiga ba. Na'urar da ke auna iskar jininta ta fara sauya murya, tana yin ƙasa.

"Dokta, yana sauka," in ji Cyprian a gefena. "Tamanin da biyar. Tamanin."

Na sa bayan hannuna na ɗaga gilashin zuwa goshi. Nan take na ga hanya sarai, na zura bututun. Maganin ya fara sakinta a lokacin, sai ta yi tari sau ɗaya. Na ji ɗumi a fatar idona na hagu.

Cyprian ya haɗa bututun, muryar na'urar ta dawo sama. Wani likita ya karɓe ni. Cyprian ya ja ni wajen famfo ya yi ta kwarara mini ruwan ƙari a ido har leda biyu. Da ya gama ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Dokta, ni da ke ne kawai a wajen kai. Ni ban ga komai ba. Biki ya kusa, ko ba haka ba?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin maganar. Na tsaya a barandar asibitin ina kallon masu sayar da lemo a bakin ƙofa, ina cewa a raina: an wanke, ɗigo ɗaya ne, ƙila ma ba Lassa ba ce. Masu fiɗa suka fito suka ce sun buɗe ba su sami huji a hanji ba. Da jin haka na nufi ofishin Dokta Nnadozie.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta duba idon da fitila, ta rubuta lokaci, ta ba ni ƙwayoyin da zan sha da ma'aunin zafin jiki a cikin 'yar kwalba.

"Kwana ashirin da ɗaya," in ji ta. "Ba ki shiga tiyata. Safe da yamma ki auna ki turo mini. Muddin babu zazzaɓi ba za ki sa wa kowa ba, amma ban san ranar da zai iya zuwa ba, ke ma ba ki sani ba. Saboda haka kofinki dabam, kwanonki dabam, ɗakinki dabam." Ta ɗauko wani gilashi ta goga busasshen sabulu a cikinsa, ta share da auduga, ta hura masa numfashi. Bai yi raɓa ba. "Wannan ne ban koya muku ba. Laraba mai zuwa da shi zan fara."

Da na isa gida na tarar da Umma tana murza ƙullin cincin a tsakar gida. Na tsaya nesa na gaya mata komai. Ta fara da salati, ta matso za ta kama ni, na ja da baya. Da ta tabbata lafiyata lau a yanzu, sai ta goge hannunta da zane, na ga tana lissafin kwanaki da yatsu.

"Shiru za ki yi," ta ce. "Dama amarya ba ta fitowa ranar lefe. Ki shige ɗaki ki ja ƙofa, kowa zai ce kunya ce."

"Umma, 'yan'uwansa mata sai sun shigo sun gan ni."

"In ce kina barci."

"Su ɗaga bargo."

"Kausar!" Ta zauna a kan turmi. "Shekarunki ashirin da tara. Manema uku sun zo sun juya saboda aikin nan. In wannan kalma ta shiga Rayfield da safe, kafin la'asar ta isa Katako. Ba za a ce 'yar Binta ta ceci rai ba. Cewa za a yi ta ɗauko cutar ɓera."

Kaka yana bakin ƙofarsa da rediyo a cinya. Ya rage murya ya ce, "Ku bar su su fasa mana. Ni dama ban sake ta ba." Umma ta ja mayafi ta rufe baki.

Bayan la'asar Ashraf ya zo, garin katako a kan hularsa da kafaɗar rigar sanyinsa. Ya zauna a wannan ƙarshen benci a soro, na zauna a wancan. Ya dubi tazarar ya ce, "Dokta, laifin me na yi?"

Na gaya masa. Ya cire hular ya riƙe, ya daɗe yana juya ta.

"Yanzu me ake yi?"

"Ana aunawa, ana jira."

"To mu jira tare." Na yi hamdala. Sai ya ƙara da cewa, "Amma Hajiya kada ta ji. Tun rasuwar Baba ba ta son zancen asibiti. Da ƙyar na shawo kanta a kan aikinki, kin sani. Ni na sani, ya wadatar. A kawo lefe, kwanaki su cika, shi ke nan."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Masu karatu, abin mamaki shi ne, kwanakin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi. Rabon da in ga hantsi a gidanmu har na manta. Nakan shimfiɗa darduma a bakin ƙofata in sha rana, safa a ƙafa, ina jin masu acaɓa suna wucewa a layi. Umma ta ɗiga jan farce a gindin kofina da kwanona domin kada a haɗa, kullum kuma sai ta cika kwanon fiye da ƙima: gwate da safe, tuwon acca da rana. Kaka yakan jawo kujerarsa zuwa tsakiyar gida ya ba ni labarin zamanin haƙar kuza, ina gyara masa shekarun, yana cewa mace ba ta ƙaryata mijinta. Ƙarfe bakwai na safe in auna in tura wa Dokta Nnadozie. Kafin in ajiye wayar sai saƙon Ashraf ya shigo.

"Nawa ne yau?"

"36.8."

"Na fi ki. Ni tun ranar da na auna ƙofar nan nake 40."

"A garzaya asibiti."

"Likitar tawa tana hutu."

A rana ta bakwai Dokta Nnadozie ta kira. Sakamakon jinin matar da aka aika kudu ya dawo, Lassa ce. Felicitas tana karɓar magani, tana nan da rai. Washegari da safe, bayan zancen awo, Ashraf ya turo mini jerin masu kawo lefe cikin murna: gwaggonninsa biyu, matan abokansa, da yayarsa wadda ta yi arba'in a makon nan, za ta zo da jaririn.

Na karanta sau uku. Na san ɗakina, na san mata ranar lefe. Za su turo ƙofa da guɗa, a ja mini mayafi, a ɗora mini jaririn a cinya a ce in fara koyo. Ƙila ba abin da zai faru. Ƙila kuma ranar ce zazzaɓin zai zo da rana tsaka, tsakanin awon safe da na yamma. Ko da ma bai zo ba, zan shiga gidan matar nan ina ɗauke da abin da kowa ya sani sai ita.

Na fara zuwa wajen Umma a madafa na ce zan kira Hajiya. Ba ta juyo ba. Ta ɗora murfin tukunya da ƙarfin da ya fi na kullum. Na tura wa Ashraf: "Zan kira Hajiya bayan azahar. Ina gaya maka ne domin kada ka fara ji a bakinta." Ya kira sau huɗu, a na biyar na ɗauka.

"Don Allah, Kausar. Kwana huɗu ne ya rage."

"Shi ya sa."

"In ta ce a fasa fa? Kin san ba zan iya ƙetare maganarta ba."

"Na sani."

Ina jin ƙarar injin yanka katako a bayansa. "To," ya ce. "Allah ya sa mu ji alheri."

Lambar tana cikin ɗan littafin Kaka, da yake shi ne waliyyina. Ya buɗe shafin ya riƙe bai miƙo ba. "A zamaninmu, yarinya ko sunan uwar miji aka ambata sai ta bar wurin. Bari in sa babbar riga in je da kaina."

"Kaka, ni na ɗaga gilashin. In ta bi ta bakin wani, kafin ta isa ta zama wata maganar."

Ya karanto mini lambar ɗaya bayan ɗaya.

Sau ɗaya na taɓa gaishe da Hajiya Salma, a wani taron suna, ban ma ɗaga kai na ga fuskarta ba. Wayar ta yi ƙara uku.

"Wace ce?"

"Hajiya, ina wuni. Kausar ce, ta gidan Malam Haladu."

"Lafiya?"

Na gaya mata daga farko: matar, gilashin, kwanakin, da jaririn da za a zo da shi. Na ce ina roƙon a ɗaga lefen, ko kuma a zo da sanin halin da ake ciki.

"Ashraf ya sani?"

"Ya sani, Hajiya, tun ranar."

"Shi ya ce ki kira ni?"

"A'a."

"To, na ji." Ta kashe.

Laraba, Alhamis, Juma'a, babu labari. Ashraf ya ce tana amsa gaisuwarsa da "lafiya" kawai, akwatunan kuma suna nan a ɗakinta, ba ta ce a fitar ba, ba ta ce a kwance ba. Umma ta ci gaba da suyar cincin da dubulan, tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa ba tare da ta dube ni ba. Zafin jikina bai motsa ba, amma na daina jin daɗin gwaten.

Ranar Asabar Umma ta yi wanka tun da hantsi, ta ɗaura sabuwar atamfarta mai ruwan ganye, ta jera kujeru, ta sa turaren wuta. Maƙwabta biyu da ta gayyato domin karɓar lefe suka zauna har azahar, suka yi salla, suka ce za su leƙa gida su dawo. Ba su daɗe da fita ba muka ji tsayuwar mota guda ɗaya.

Sallamar mace ɗaya muka ji. Umma ta leƙa, ta dawo da baya tana gyara ɗankwali. Uwar ango ba ta zuwa kawo lefe, kowa ya sani. Hajiya Salma ce da kanta, doguwa, cikin leshi ruwan toka da rigar sanyi a ƙarƙashin mayafi, babu akwati ko ɗaya a bayanta. Ta durƙusa ta gaida Kaka, suka gaisa da Umma, ta ƙi shiga falo.

"A sa mini kujera a nan," ta ce, ta nuna tsakar gida, daidai ƙofata. "Taku nawa likita ta ce?"

"Nan ma ya isa, Hajiya," na ce daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

"Ɗago in gan ki. Wane idon ne?"

Na nuna. Ta dube shi da kyau.

"Matar ta tashi?"

"Ta tashi, Hajiya. Jiya ta sha kunu. Kunnenta ɗaya ne ba ya ji sosai."

"Tana da 'ya'ya?"

"Uku."

Ta gyaɗa kai. "In aka sake kawo wata irinta, za ki sake ɗagawa?"

Na ga Umma a bayanta tana girgiza mini kai da ido. Na san amsar da take so.

"An koya mini yadda zan hana shi yin raɓa, Hajiya, kuma ba zan sake shiga ban yi hakan ba. Amma in na ga ran mutum zai fita a hannuna, babu wata hanya, ban san abin da zan yi ba. Ba zan iya yi miki alkawari ba."

Umma ta rufe ido. Hajiya ta daɗe tana kallona, sannan ta juya wajenta.

"Maman Kausar, wata huɗu mahaifin Ashraf yana kwance ana ce mini gyambon ciki ne. Likitoci sun sani, 'yan'uwansa sun sani, 'ya'yan da na haifa sun sani. Wai kada hankalina ya tashi. Sai da saura kwana biyu na ji, a bakin mai share ɗaki. Akwai maganganun da zan yi da shi da ban yi ba." Ta gyara mayafinta. "Su a ganinsu asibiti ne ba na so. Wancan ɗan nawa da ke zaune a mota, kwana takwas yana cin tuwona yana kallon idona. Shi da ni ne, ba yanzu ba."

"A yi masa afuwa, Hajiya," in ji Kaka. "Ɓarawo ne, amma ba shi da mugunta."

Ta yi 'yar dariya, ta farko da na taɓa ji. "Baba, akwatuna suna nan a ɗaure. Yaushe kwanakin za su cika?"

"Litinin ta sama," na ce.

"To, Asabar ɗin da ke biye za a kawo, da jaririn da kowa." Ta miƙe. Umma ta ruga ta ƙullo mata cincin da dambun nama, ta karɓa. Har ta kai bakin soro sai ta juyo. "Kausar, kada ki goge lambata. Duk abin da ya faru a gidan ɗana, mai daɗi ko marar daɗi, a bakinki nake so in fara ji."

Motar ta tashi. Wayata ta yi ƙara a cinyata, ban duba ba, na san ko wane ne. Umma ta daɗe tsaye a tsakar gida da murfin roba a hannu. Can ta tako har inda aka ce kada a wuce, ta tsaya, ta dube ni a karo na farko cikin kwana huɗu.

"Ranar da kika kira ta, a tsaye kika yi mata magana ko a tsugune?"

"A tsugune, Umma."

"Tun daga sallama?"

"Har ta kashe."

"To, alhamdulillahi," ta ce. "Miƙo kwanonki."

A nan Kausar ta tsaya, ni ma a nan alƙalamina ya tsaya. Kwanakinta sun cika lafiya, an kawo lefe ranar da Hajiya ta faɗa. Abubuwan asibiti na rubuta su ne yadda kunnena ya ɗauka, kuma ba fagena ba ne. Duk wanda ya ga inda na kauce, ko a lissafin kwanaki, ko a sunan wani abu, ko a rubutu, musamman ku ma'aikatan lafiya, ina roƙo ya gyara mini. Kuskuren daga hannuna yake, ita ta faɗa daidai.